Ƙofa Mai Tsini ta Baba Ɗanlahadi

Baba Ɗanlahadi yana ajiye katin a cikin wani tsohon gwangwanin alewa, tare da allurar ɗinkin buhu da kwalbar maganin ido. Katin bai fi tafin hannu ba. Irin wanda Turawa suke aika wa juna ta gidan waya ne, hoto a gaba, wurin rubutu a baya. Babu rubutun kowa a bayansa, kuma gara ta cinye gefen da aka buga sunan garin, don haka har yau ba wanda ya san inda aka ɗauki hoton.

Majami'a ce ta dutse a cikin hoton. Hasumiyarta ta tafi sama siririya, ta ƙare da tsini kamar allura. Tagoginta dogaye ne. Ƙofarta kuwa, gefunanta biyu sun taso a miƙe, suka rusuna wa juna, suka haɗe a sama da tsini. A jikin bangon gefe akwai wasu gine-gine da suka turo waje, hawa-hawa, masu faɗi a ƙasa, suna sirancewa a sama. Wani farin abu ya lulluɓe rufin da filin gaban majami'ar, mutum biyu kuma suna ratsa filin, ƙanana kamar ƙuda. Masu sanin gine-gine da suka ga katin sun ce cocin wani ƙaramin gari ce, an gina ta shekara ɗari da wani abu da suka wuce, lokacin da Turawa suka koma kwaikwayon majami'un kakanninsu.

An haifi Baba Ɗanlahadi a Gidan Rabo, wani ƙauyen Maguzawa da ke tsakanin Tafoki da bakin daji, a ƙasar Faskari. Ubansa ya rayu ya mutu a kan addinin gargajiya, shi kuwa ya shiga Kirista yana saurayi. Katin ya zo hannunsa tun kafin nan. Wata Baturiya mai ba da magani takan zo ƙauyukansu, wata rana da damina rafi ya cika, ya ɗaukar mata akwatin magani a ka ya ƙetare da shi. Da suka hau tudu ta ciro katin daga cikin littafinta ta miƙa masa. Hausarta ba ta da yawa. Ta ɗora yatsa a kan hoton ta ce, "Garinmu."

A zamanin nan auduga ce arzikin ƙasar. Da kaka ta yi, fuloti, wato filin da ake sayen auduga, yakan cika da tsibi-tsibi farare har su fi ɗaki tsawo. Yaron ya dubi farin da ke cikin hoton bai yi wata shakka ba. Auduga ce. Mutanen garin Baturiyar sun noma ta har ta rasa wurin zama, sun shanya ta a fili, sun shanya ta a kan rufin ɗakin ibadarsu. Gine-ginen nan masu hawa-hawa a jikin bango kuwa matakala ce, ta nan ake hawa da ita. Bayan shekaru masu yawa 'yarsa Rifkatu, wadda ke koyarwa a firamare, ta gaya masa cewa sanyi ne yake saukowa fari haka a ƙasashen nan. Ya saurare ta har ta gama, ya ce to, ya mayar da katin cikin gwangwani. Bai sauya ra'ayi ba.

Sana'arsa ginin rumbu. Wanda bai taɓa gani ana yi ba yakan ɗauka kamar ginin ɗaki ne, alhali ya fi kama da ginin tukunya. Ana jera duwatsu a ƙasa don kada laima da gara su samu hanya. Ana kwaɓa jar ƙasa da busasshiyar ciyawa, a bar ta ta tsima har ta fara wari. Sannan magini ya riƙa ɗora ta zagaye-zagaye da hannu, ɗori ɗaya ya bar shi ya sha rana, gobe ya ƙara wani. Cikin rumbun yana buɗewa har ya kai ƙirji, daga nan kowane ɗori ya ɗan shigo ciki, har bakin ya tsuke a sama a kifa masa jinka. Babu katako, babu ƙarfe, babu abin da ke riƙe da shi sai kansa. Daga Tafoki har ƙauyukan Sabuwa, Musulmi da Kirista da masu bin gargajiya, da wuya a sami unguwar da babu rumbun Ɗanlahadi. Ana gane su daga nesa, don sun fi na kowa tsawon wuya. Matarsa Kyauta takan ce hasumiyar cikin katin yake ta ginawa a gidajen mutane ba su sani ba.

Ya taɓa gwada ƙofar sau ɗaya. Shekarar da mutanen Gidan Rabo suka tashi gina majami'arsu ta ƙasa, ya nuna wa dattawa katin ya roƙi a bar masa ƙofar. Aka bar masa. Ya tayar da gefuna biyu, ya rusunar da su, ya haɗe su a sama. Ta yi kyau ƙwarai, mata suka riƙa tsayawa da tulu a ka suna kallo. Ana saura kaɗan bikin Ista, da tsakar rana, ba iska ba ruwa, bangon da ke gefenta ya buɗe ta hagu da dama, ƙofar ta zube. Ba ta faɗa wa kowa ba, sai wata akuya da ta tsere da ƙura a baya. Aka gitta katako aka yi ƙofa irin ta kowa. Ya koma kan rumbunansa, bai sake tayar da zancen ba har ya yi furfura.

Sai 'yan bindiga suka matsa wa yankin. Suka fara da shanu, suka koma kan mutane, daga baya noma ma ya gagara. Mutanen Gidan Rabo suka kwashe abin da za su iya ɗauka suka bar rumbuna a tsaye. Wasu suka nufi Funtuwa, wasu Zariya. Gidaje kaɗan, har da na Baba Ɗanlahadi, suka sauka a gefen Sheme, kusa da wata babbar bishiyar rimi, inda mai unguwa ya nuna musu fili. A nan Kyauta ta rasu. A nan kuma ya lura duniya ta fara tsukewa a idonsa daga gefe, kamar mai leƙe ta bakin tulu. Rifkatu ta kai shi asibiti a Funtuwa. Likita ya ce hawan jinin ido ne, maganin ɗigawa zai rage masa sauri, amma abin da ya tafi ba ya dawowa, sauran ma yana kan hanya.

Da ranin da ya wuce, baƙin suka gaji da yin sujada a ƙarƙashin rumfar kara, suka yanke shawarar gina ɗaki. Bango na tubali, rufi na kwano. Fastonsu, wani mutum mai sanyin magana, ya riga ya samo katakon da za a gitta a kan ƙofa. Ranar da aka ja layin tushe, Baba Ɗanlahadi ya zo da sandarsa da gwangwaninsa, ya zauna a kan tubali ya ce yana roƙon ƙofar.

Fasto ya dubi gwangwanin. Shi ma ɗan Gidan Rabo ne, ya san labarin akuyar.

"Baba, yara za su riƙa bi ta ƙarƙashinta," in ji shi.

"Na sani. Jikokina na ciki."

"To ga abin da za mu yi. Ka gina. In ruwan farko ya sauka ba ta haɗe ba, ko ya sauka ta tsage, za mu sauke ta mu sa katako. Ba za mu shiga damina da ƙofa a buɗe ba."

Rifkatu ba ta so ba. A gida, tana ɗiga masa magani, ta ce, "Baba, tuwo ma sai na kai hannunka bakin kwano. Ta yaya za ka hau tsani?"

"Rumbu nawa na gina ina kallonshi? Hannu ka ginawa, ɗiyata. Ido sai an gama." Ya rufe idon, maganin ya gangaro ta gefen hancinsa. "Shi ya sa nike sauri. In na bari sai baɗi, ko ta tsaya ba ni ganinta."

Filin majami'ar yana iyaka da gonar Malam Nata'ala, tsohon magini ɗan Sheme, wanda ya yi zamaninsa yana gina soraye da zauruka da masallatai kafin bulo da siminti su kore shi. Ba aikin da yake yi yanzu sai kiwon tumaki biyu da gyara wa mutane kuskurensu ba su tambaye shi ba. Tun zuwan baƙin yake tsokanar Baba Ɗanlahadi, yana kiransa Sarkin Rumbu. Da ya ga an bar gurbin ƙofa ana kwaɓa ƙasa daban, ya ratso gonar ya zo.

"Sarkin Rumbu, an ce ƙofa za ka yi. Dawa ce za ta riƙa shiga ko mutane?"

"Malam, kai da siminti ya yi wa ritaya, zamna ka ga aiki."

"Ina azararka, itacen giginyar da zai riƙe ta?"

"Ba ni sa azara."

"Ƙofa mai lanƙwasa ba azara? To Allah ya kiyaye awakin unguwa."

Ashe labarin ya riga ya iso Sheme. Baba Ɗanlahadi ya yi dariya har da tari, sannan ya buɗe gwangwanin ya miƙa katin wajen da muryar take fitowa. Malam Nata'ala ya goge hannu a riga ya karɓa. Ya kai shi nesa da fuska, ya matso da shi, ya juya shi wajen haske. Ya bi jikin bangon hoton da yatsa.

"Wanga aiki ne," ya ce a hankali. "Waccan da ka yi a ƙauye, ka sa mata waɗannan?"

"Waɗanne?"

"Na jikin bango. Masu hawa-hawa."

"Matakala? Mi zan yi da matakala? Mu ba mu shanya auduga bisa rufi."

Malam Nata'ala ya dube shi, ya sake duban katin. Bai yi dariya ba. Ya tsuguna, ya kama hannun Baba Ɗanlahadi ya buɗe tafin, ya zana masa ƙofar da yatsa. Sannan ya dafa tsinin ya danna, ya ja yatsu biyu zuwa gefe da gefe.

"Ka ji? Nauyin da ke sama ba ƙasa yake zuwa kai tsaye ba, gefe yake turawa. Rumbunka zagaye ne, kowane ɓangare na riƙe da ɗan'uwanshi. Ƙofa ba ta da mai riƙe ta. Waɗannan da kake ce wa matakala, su ne suka sa kafaɗa suka tokare bangon. Mu ma muna yi wa katanga in ta fara jingina. Ba mai hawansu sai ƙadangare."

Baba Ɗanlahadi ya bar hannunsa a buɗe a kan gwiwa. Ya kwashe fiye da shekara sittin yana kallon hoton nan, har ya san inda inuwar kowace taga ta faɗi. A duk tsawon lokacin yana ganin mutane da ƙunshin auduga a ka suna hawa jikin bangon a layi, wata rana har da Kyauta a cikinsu.

"To audugar," ya ce can, "ta ina suke hawa da ita?"

"Wannan kuma sai ka tambayi Baturiyarka."

Washegari Malam Nata'ala ya zo da tsohuwar rigar aikinsa, ba wanda ya kira shi. Suka raba aikin ba tare da sun yi shawara ba. Shi ya ɗauki madogaran biyu, ya kafa su hagu da dama da tubali, masu kauri a ƙasa, suna shiga ciki hawa-hawa kamar na hoton. Baba Ɗanlahadi ya ɗauki bakin ƙofar, ya gina shi yadda ya san gini, kamar rumbun da aka tsaga biyu. Ɗori ɗaya a hagu, ɗori ɗaya a dama, a bar su su sha rana. Da gefunan suka wuce kafaɗa, kowane sabon ɗori ya riƙa shigowa ciki da kaurin yatsa. Ba ya amfani da igiya ko ma'auni. Yakan shafa ɗorin jiya da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa ya saurara, in sautin bai yi masa ba, sai ya sauko ya ce yau babu aiki.

Ranakun babu aikin ne suka fi damun mutane. Bazara ta kankama, zafi ya hana barcin rana, gabas ta fara tara gajimare da yamma tana watsewa. Maza suka gama bango, suka buga kwano, ginin ya tsaya cif sai gaban da ke buɗe, gefuna biyu suna miƙo wa juna hannu ba su kai ba. Katakon Fasto yana jingine a jikin bango inda kowa yake ganinsa. Wata mata ta ce a ƙara ɗori biyu a rana mana. Baba Ɗanlahadi ya ce ƙasa ba ta san an matsu ba.

Rifkatu takan tsaya a hanyarta ta dawowa daga makaranta ta riƙe tsanin da kanta. Daga baya ta ba da labari cewa a kwanakin nan in yana sama yakan yi magana ƙasa-ƙasa, ba da ita ba. Wani lokaci sunayen ƙauyukan da ya yi gini yake jerawa. Wani lokaci yana ba uwarta labarin inda aka kai. Idonsa kuwa yana ta raguwa. A farkon aikin yana iya rarrabe fuskar Malam Nata'ala in ya matso, zuwa ƙarshe sai farar hularsa kawai.

Ranar da gefunan suka kusa taɓa juna har hannu ba ya shiga tsakaninsu, ya mulmula ƙasa ɗaya mai tauri, ya hau, ya cusa ta a tsinin, ya danna da babban yatsa. Ya daɗe a sama da hannunsa a wurin. Daga ƙasa Malam Nata'ala ya ce, "Sauko haka nan, ko so kake ka bushe tare da ita?" Bayan ta sha iska suka shafe ta da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ke hana ruwan sama cin bango, ƙofar ta yi ja mai duhu tana ƙyalli.

Hadarin farko ya taso wata Laraba bayan azahar. Iska ce ta riga shi isowa. Rimin da ke gefen filin ya riga ya fashe 'ya'yansa a cikin zafin nan, iskar ta shiga rassansa ta kwaso audugar gaba ɗaya. Ta cika sararin sama, tana yawo ba ta sauri, ta sauka a kan gonar Malam Nata'ala, da bayan tumakinsa, da kan matan da suka fito kwashe shanya. Rifkatu ta riƙo hannun ubanta suna tahowa daga gida, don ya ce ba zai ji labarin ruwan nan daga bakin wani ba. Wani abu mai laushi ya taɓa masa fuska, ya kama ya murza.

"Rimi ne, Baba. Duk fili ya yi fari."

Ya tsaya. "Ta hau rufi?"

Rifkatu ta ɗaga kai. Audugar ta kwanta a cikin kwarin kwanon, layi-layi, ta taru a kan kafaɗun madogaran biyu.

"Ta hau."

"To," in ji shi. "Ashe haka suke yi."

Aka fara yayyafi suna bakin ƙofa. Ta shigar da shi ta zaunar da shi a tsakiyar ɗakin, a kan tubalin da ya rage, fuskarsa na duban waje. Fasto ya shigo da gudu da wasu mutane, kowa ya bi ta ƙofar da sauri yana ɗaga kai. Sannan ruwan ya sauko da ƙarfinsa. Ƙarar kwano ta hana magana. Ruwa ya riƙa dukan gaban ginin a karkace, yana gangarowa ta kan tsinin, yana bin gefunan biyu zuwa ƙasa. Fasto ya kafa wa saman ƙofar ido. Rifkatu kuwa ubanta take kallo.

Malam Nata'ala ya iso a jiƙe bayan ya ɗaure tumakinsa. Bai shiga ciki ba, bai kuma tsaya waje ba. Ya tsaya a cikin kaurin ƙofar, daidai ƙarƙashin tsinin, ya harɗe hannu a baya kamar mai jiran mota, ya ci gaba da tsayuwa a haka har ruwan ya fara sassautawa. Da ƙarar ta ragu ya miƙa hannu sama ya bi bakin ƙofar da tafinsa daga hagu zuwa dama, ya duba hannun.

"Ko gashi ba ta tsage ba," ya ce wa Fasto.

"Malam," in ji Baba Ɗanlahadi daga ciki.

"Na'am, Sarkin Rumbu."

"Gusa kaɗan. Ka tare mani."

Malam Nata'ala ya matsa gefe. Cikin ɗakin da duhu, don ba a riga an fasa tagogi ba, a waje kuwa rana ta fara fitowa ta bayan hadarin. Baba Ɗanlahadi ba ya ganin bangon, ba ya ganin madogaran, ba ya ganin jan makubar. Abin da idonsa ya iya kamawa shi ne hasken da ke tsaye a gabansa, mai faɗi a ƙasa, ya tashi a miƙe, ya rusuna daga gefe biyu ya haɗe a sama. Ya ɗaga yatsa ya bi gefensa a cikin iska, ya kai tsinin ya tsaya.

"Akwai tsini," ya ce.

"Akwai, Baba," in ji Rifkatu.

Ya zauna a wurin har hasken ya yi ja ya dushe, ba wanda ya ce masa ya tashi.

Kafin a yi girbin dawa sauran ganin ya tafi. Ƙofar ta ci damina guda ba ta motsa ba. Katakon da Fasto ya tanada an yi masa ƙafafu ya zama benci, an ajiye shi a gindin rimin, a nan tsofaffin biyu suke zama da hantsi suna musu a kan ko ginin azara ya fi na zallar ƙasa daɗewa. Gwangwanin alewar yana aljihun Baba Ɗanlahadi kamar kullum, in baƙo ya tambaya yakan buɗe ya miƙa masa katin, wani lokaci a juye. Ranar Lahadi Rifkatu takan kawo shi har bakin ƙofar ta sake shi. Daga nan ba ya bukatar jagora. Yakan ɗora hannu a kan madogarin dama, ya bi shi zuwa bakin ƙofar, ya shafa sama iyakar inda hannunsa ya kai, sannan ya shiga.